Daga Bakin Rumfa: Kafin Ka Ce A Rushe Zauren Gidanku

Wancan karon na yi alkawarin za mu ƙarasa maganar bashi tsakanin 'yan'uwa, to ku yi mini afuwa, zan ɗaga ta zuwa gaba. Dalili kuwa, rani ya shigo, lokacin gini ke nan, na kuma san da yawa daga cikinmu, daga Kumasi har Kwatano, daga Yawunde har Injamena, yanzu haka ana ta tura kuɗin bulo da siminti gida. Akwai abin da ya faru da ni bana wanda nake so ku ji kafin ku tura naku.

Tsakiyar watan Agusta, ana cikin marka, ina zaune a rumfa nan Kumasi ana sauke mana buhunan albasa, sai ga kiran Yayana daga Zariya. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ruwan daren jiya ya zubar da kusurwar zauren Baba, ta gabas." Na yi salati, na ce ba dai wanda ya ji ciwo ko? Ya ce babu, amma shi fa ya gaji. Shawararsa ita ce a rushe zauren gaba ɗaya, a tayar da na bulo, a buga kwano, a fitar da shaguna biyu ta bakin titi, kuɗin haya ya riƙa taimakon gida. Ni kuwa da hankalina ke kan lissafin buhu, na ce, "To Yaya, yadda ka gani. Ka turo mini hoto da ƙiyasin kuɗi."

Da dare hoton ya shigo. Autana, ɗan shekara 12, wanda a nan aka haife shi, sau biyu kacal ya taɓa zuwa Zariya, ya leƙo wayar ya ce, "Baba, waɗannan ƙahonin da ke saman ginin fa, na mene ne?" Na ce ba ƙaho ba ne, zanko ake ce masa. Ya ce, "To me zankon yake yi?" Na buɗe baki na rufe. Shekarata 26 a ƙasar nan, na san albasar Galmi na san ta Bawku ko idona a rufe, na iya ciniki da yaren Asante har a ɗauka a nan aka yanke mini cibiya, amma gidan da aka yanke cibiyar da gaske, na kasa gaya wa ɗana sunayen sassansa da amfaninsu. Abin ya tsaya mini a rai.

Washegari kuma Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita kaɗai ta rage a cikinsu, ta sa aka ɗauki muryarta aka turo mini. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, a zauren nan aka ɗaura auren ubanmu, a nan aka raɗa mana suna mu bakwai, a nan aka yi zaman makokinsa, in rushewa za mu yi mu ɗan jira ta kwanta dama, ai ba za ta daɗe ba. Wannan magana ce ta sa ruwa na ɗaukewa na bar wa yarana rumfa, na kama hanyar gida.

Wa ya shafa siminti?

Kafin a kira masu bulo, na roƙi Yaya mu nemo magini irin na da, ya duba mana, ko don hankalin Gwaggo ya kwanta. Aka samo mana wani dattijo da ya haura saba'in, jikansa na riƙe masa da jaka. Bai ce komai ba sai da ya zagaya zauren ciki da waje, yana ƙwanƙwasa bango da sandarsa. Wani wurin ka ji tim, wani wurin ka ji kamar an buga ganga. Ya sa jikan ya hau sama ya leƙa. Sannan ya juyo ya ce, "Alhaji, wa ya shafa wa bangon nan siminti?"

Yaya ya dube ni. Ni ne. Shekara 11 da suka wuce kasuwa ta yi mini kyau, na turo kuɗi na ce a yi wa zauren filasta da siminti, a huta da yaɓen kowace shekara. A lokacin har albarka aka yi ta sa mini.

Dattijon ya ce, "To ba ruwa ne ya ci zauren nan ba, alherinka ne." Ya bayyana mana cewa bangon ƙasa numfashi yake yi, yakan sha laima da damina ya fitar da ita da rani. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa yadda ƙasa ke kama 'yar'uwarta. Rana ta buga, sanyi ya buga, sai ya tsattsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki ya koma kunu, gara kuma ta samu inda take so. Ga shi tun da aka shafa simintin kowa ya saki jiki, ba wanda ya sake hawa rufin. Jikan ya tarar da indararo biyu a toshe da leda da ƙasa, ruwa na kwana a sama. Hausawa dai sun gama magana, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nan take na tuna da masallacin Larabanga da ke arewacin ƙasar nan, kusa da Damongo. Waɗanda ke bin hanyar sayen doya sun san shi, ɗan ƙaramin farin masallaci mai hasumiya biyu da itatuwa a jikinsa. Cikin shekarun 1970 aka lulluɓe shi da siminti da yashi da niyyar kare shi daga ruwa. Laima ta taru a ciki, gara ta shiga itatuwan, wani sashe ya zube. A 2002 aka sa shi cikin jerin tsoffin gine-ginen duniya da ke cikin haɗari, kuma gyaran da aka yi masa, farkon abin da aka yi shi ne ɓamɓare simintin nan a mayar da yaɓen ƙasa. Na taɓa tsayawa a gabansa an ba ni wannan labari, na gyaɗa kai na yi gaba, ban san ni ma abin da na yi wa zauren ubana ke nan ba.

Daga tubali zuwa baka

Kwana huɗu dattijon nan yana zuwa, ni kuma ina binsa da tambaya kamar ɗan makarantar allo. Bari in ba ku abin da na kwaso, daga ƙasa zuwa sama.

Farko tubali. Ana haƙo jar ƙasa mai 'yar tsakuwa, wadda magina ke kira birji, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu, a sake jiƙawa a sake tattakewa. Sannan a mulmula da hannu, gindi da faɗi, kai da ɗan tsini, a shanya a rana. Ba a zuba shi cikin akwati kamar bulo. Wajen gini a jera shi gindi ƙasa kai sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gindin bango kan ci tubali da yawa a jere, ana hawa ana ragewa, shi ya sa za ka ga tsohon bango da kauri a ƙasa, sirantaka a sama. Kuma ba a yi masa gaggawa, a ɗora layi kaɗan a bari ya sha iska, sannan a ƙara.

Sai azara. Ita ce itacen giginya da aka tsattsaga, an fi son na namijin giginya saboda tauri, gara ba ta cika iya mata ba. Amma tana da iyaka. In aka shimfiɗa ta daga bango zuwa bango aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, da wuya ta ɗauki faɗin da ya kai mita biyu ba ta lanƙwashe ba. Wannan shi ne tushen duk wata dabara ta ginin soro: yaya za ka rufe ɗaki mai faɗi da guntun itace?

Amsa ta farko mai sauƙi ce, a kafa ginshiƙi a tsakiya. Amsa ta biyu ita ce wadda maginanmu suka yi fice da ita, wato baka. Ana kafa azara a cikin bango ta ɗan karkato ciki. A ɗaura wata a kanta da igiya, ta ƙara leƙowa, ta ƙara kwantawa. Haka ake yi daga bangon da ke fuskantarsa. Hawa-hawa, kowane hawa sai an lulluɓe shi da ƙasa ya bushe, har hannuwan biyu su haɗu a tsakiya a ɗaure su. Kowane rabi sunansa ƙafa. Wanda ya tashi daga wannan bango ya sauka a wancan, shi ne bakan gizo, don kamarsa da na sararin sama. In biyu suka gitta juna a tsakiya, ɗaurin guga ke nan, kamar itatuwan da ake gittawa a bakin gugar rijiya. Guraben da suka rage tsakanin bakuna sun zama ƙanana, sai a jera musu gajerun azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa. Daga waje ka ga rufin ya yi tulluwa, ruwa na sauka ya gangare. A mahaɗar bakuna kuma akan manna tasa ko faranti don ado. Namu zauren ɗaurin guga ne, da tsohuwar tasar tana nan, na shekara ashirin ina wucewa ta ƙarƙashinta ban taɓa ɗaga kai ba.

Kowace al'umma da yadda ta warware wannan matsala. Rumawan da, da Turawan da suka gaje su, da duwatsu suke yin nasu bakan. Sukan kafa katako a ƙasa ya riƙe duwatsun, sai an sa na ƙarshe a tsakiya, wanda ke kulle sauran, sannan a zare katakon. 'Yan'uwanmu da ke Sudan kuwa wataƙila sun ga na Nubawa, wanda ake jingina tubalin ƙasa layi-layi a jikin bangon ƙarshe, kowane layi na kwance a kan na bayansa, ba itace ko ɗaya. Da wannan dabara wani mai zanen gine-gine ɗan Masar, Hassan Fathy, ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luksor cikin shekarun 1940. Namu kuwa ƙashinsa itace ne, namansa ƙasa.

Rawani, zanko da laso

Ɗan bangon da ke zagaye rufi ta sama shi ne rawani. Hanyar da ruwa ke bi ya zubo nesa da bango ita ce indararo. A kan kusurwoyi da saman ƙofa kuma ga zankwaye. Na maimaita wa dattijon tambayar autana, ya yi dariya ya ce, "Yaron ya fi ubansa." In ji shi, kusurwa nan ce mahaɗar bango biyu, nan ruwa ke fara ci, to zanko nauyi ne da ke danne wurin, kuma shi ke karɓar dukan ruwa kafin ya kai ga bango. Magini kan maƙala igiya a jikinsa in zai hau gyara. Bayan haka ado ne, gida mai zanko tun daga nesa an san na mai hali ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganin ruwa. Ashe kakanninmu suna da nasu simintin. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa shi a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwan, bango ya yi duhu-duhu ya yi tauri. Akwai kuma laso, wanda ake shafa wa rufi da rawani. Shi haɗi uku ne: katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, a ƙona shi a daka, gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Ku duba fa, kafin soro ɗaya ya tsaya sai marini ya sa hannu, majemi ya sa hannu, mai saran giginya ya sa hannu. Ƙasan ɗaki kuma aikin mata ne, su ke taruwa su yi daɓe, suna bugu da madaɓi suna waƙa har ya yi santsi.

Daga nan sai ado. Tun yaɓe na ɗanye magini ke fitar da zane da yatsunsa, ko ya tayar da shi ya yi tudu, ko a yanka shi a jikin filasta a bi da launi. Dagi kowa ya san shi, shi ne ƙullin nan da ya zama tambarin Arewa, ga shi a wuyan riga ga shi a bango. Akwai takobi, akwai allo. Da zamani ya juya, a ƙarnin da ya wuce, attajiran Zariya da Kano suka fara sa a zana musu keke, agogo, mota, har jirgin sama a fuskar gida. Wanda ya taɓa yawo a unguwar Birni ta Damagaram ya ga irin wannan ƙawa. Su wa ke biyan kuɗin wannan aiki? Fatake irinmu, waɗanda suka je Gwanja suka dawo da riba. Abin da muke yi yau da tayil da fenti, shi suka yi da ƙasa.

Ba duk ginin ƙasa ne iri ɗaya ba

Mu da ke yawo mun fi kowa damar ganin bambancin. A littattafan tarihin gine-gine za ku ji ana cewa salon Sudan. Ba ƙasar Sudan ta yau ake nufi ba, tsohon sunan da Larabawa suka ba wa yankin nan namu na kudu da Sahara ne. Babban misalinsa shi ne masallacin Jenne a Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne. Alamominsa ginshiƙai a jikin bango ta waje masu tsini a sama, da itatuwa da suka leƙo kamar ƙaya. Itatuwan nan su ne matakalar masu yaɓe, domin duk shekara garin kan fito gaba ɗaya a yaɓe masallacin. Larabanga ɗan wannan gida ne, haka tsohon masallacin Bobo Julaso, haka ƙananan masallatai takwas na arewacin Kodebuwa da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2021. Hasumiyar Agadas ma, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa wajajen 1515 aka sake ta a 1844, da irin waɗannan itatuwa a jikinta.

Amma cikin masallacin Jenne ginshiƙai ne har 90 ke riƙe da rufi, sahu-sahu, tsakaninsu ƙunci. Su sun zaɓi ginshiƙi, ƙawarsu tana waje. Mu kuwa mun zaɓi baka, ƙawarmu ta fi yawa a ciki. Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajajen shekarun 1830 zuwa 1840. Har gobe akwai unguwa mai sunansa a birnin. Cikin shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na kankare ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Allah Ya sa wani Bature ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna shi ya zana, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ni Bazazzagi, sai bana na shiga na ɗaga kai na kalli bakunan nan da idon sani. Gani ya kori ji.

Yaya ma yana da gaskiya

Kada ku ce na je gida na zama mai waƙar jiya. Da muka zauna da dare, Yaya ya ce, "Kai kana Kumasi, hoto ake tura maka. Ni nake kwana a nan in hadari ya haɗo." Wallahi ban da amsa. Duk damina muna jin labarin ginin ƙasa ya faɗa wa mutane suna barci. Giginya ta yi nisa, azara mai kyau ta yi tsada. Marina da yawa sun mutu, katsi sai an yi cigiya. Maginan da suka iya baka sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo ko acaɓa. Ginin ƙasa kuma ba ya yafe sakaci, shekara biyu ka ƙyale shi zai nuna maka. Ga marayun ƙaninmu uku a gidan, kuɗin hayar shago ba abin rainawa ba ne.

Ni ma na kawo tawa. Na ce Yaya, ɗakunan bulo da kwano da muka gina a cikin gida, wa ke iya zama cikinsu da azahar a watan Afrilu in ba wuta? Kowa zaure yake gudowa, har kai. Bango mai kauri yakan riƙe zafin rana ya hana shi shiga, sai dare ya sake shi, lokacin kuwa iska ta yi sanyi. Wannan ba sai an biya kuɗin lantarki ba.

Kuma masu ilimin zamani ba su yar da ƙasa ba. A garin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, a 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan, ɗaya daga manyan kyaututtukan gine-gine na duniya. A Dandaji, nan Nijar ɗin dai, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa wanda ake matsewa da inji. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare a 2001 da irin wannan tubali, ya ɗaga rufin kwano sama da ginin yadda iska za ta riƙa ratsawa, inuwarsa kuma ta kare bango daga ruwa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker. Su ba su ce a koma jiya ba, sun ɗauki abin da ke da amfani a nan da can suka haɗa.

Inda muka tsaya

Bayan kwana biyu ana ja-in-ja, Gwaggo na jinmu daga ɗaki ba ta ce uffan ba, muka tsaya a kan haka. Zaure zai zauna. Dattijon ya duba bakuna ya ce lafiyarsu ƙalau, azara uku ce kawai ta ruɓe ta wajen kusurwar. Za a ɓamɓare siminti, a sake tayar da kusurwa da tubali, a yi yaɓe da makuba, a sa sababbin indararo masu tsawo, a jera duwatsu a gindin bango saboda ruwan titi. Shago kuma ɗaya za a yi maimakon biyu, na bulo, a gefen da katanga ta riga ta faɗi, ba a jingine da zauren ba. Gyaran kowace shekara na ɗauka a wuyana, tunda ni na jawo, na kuma ce a rubuta a gaban 'yan'uwa don kada in zo ina kame-kame in kasuwa ta yi sanyi.

Ba zan ɓoye muku ba, bai zo da araha ba. Abin da gyaran ya ci bai yi nisa da abin da sabon zauren bulo zai ci ba, ga hayar shago ɗaya da muka rasa. Har yanzu in mun yi waya Yaya kan ce, "Ya zauren naka?" Na san bai gama hucewa ba, kuma in damina mai zuwa ta sake taɓa ginin, ni zan sha magana.

Ranar da aka fara ɓamɓare simintin saman ƙofa, sai ga ragowar zane ya fito, ya farfashe amma ana gane shi: dagi a tsakiya, a gefe kuma ƙafafun keke biyu. Aka fito da Gwaggo ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce kakanmu ne ya sa aka zana, shekarar da ya dawo daga fataucin goro ya sayi keke. Ni da Yaya ba wanda ya san wannan labari. Jikan dattijon, yaro ɗan shekara kamar 19, shi ya zauna ya mayar da zanen da yatsunsa, kakan na daga ƙasa yana yi masa gyara.

To 'yan'uwa, ga 'yar shawarata ga mai shirin tura kuɗin gini. In gidanku na ƙasa ne, kada ka ce a shafa masa siminti don a huta, tambayi maginin ƙasa tukuna. Kafin ruwan farko, ka sa a hau a duba indararo da rawani, a toshe tsaga, wannan kuɗin kati ne kawai da ɗan abin goro, rigakafi kuwa ya fi magani. In an ce maka gini ya lalace a rushe, ka tambaya: bango ne, azara ce, ko baka? In baka na da lafiya, yawanci sauran gyara ne. In kuwa masani ya ce ginin ya gama yawo, to a fitar da mutane a rushe, rai ya fi tarihi. Amma kafin a sa diga, a ɗauki hotonsa ciki da waje, a zaunar da tsofaffin gida su faɗi wanda ya gina da abin da aka yi a ciki. Kuma duk abin da za ka yanke, ka tuna da wanda ke kwana a gidan, kai da ke nesa kada kuɗinka ya fi muryarsa ƙarfi.

Na dawo Kumasi na zaunar da autana na amsa masa tambayarsa, har da zane a bayan kwali. Yanzu so yake in an yi hutu a kai shi ya ga yadda ake mulmula tubali, uwarsa kuma ta ce ba da kayan makarantarsa ba. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan maganar bashin nan da na ɗaga.